Tsoro na Daji, Kunya na Gida

Ɗan yayata ya zo mana hutu a hunturun bara. Shekarunsa goma sha shida, kuma yana cikin yaran nan da allo ya daina razana su, don tun ba su iya ɗaurin zariya ba suka saba ganin ana fille kai a waya. Wani dare aka ɗauke wuta, sanyi kuma ya kore mu daga tabarmar ƙofar gida, sai na ce bari in gwada shi. Na kunna masa The Wolf Man, tsohon fim baƙi da fari na 1941, a kwamfutar da cajinta bai wuce rabi ba. Can da dodon ya ɓullo cikin hazo, yana sanɗa a kan yatsun ƙafa, sanye da rigarsa da wandonsa tsaf, fuska kamar an manna mata buzu, yaron ya kece da dariya har da dukan cinya.

"Kawu, wannan ne abin tsoron? Wallahi ko tashe ya fita da wannan fuskar, da kyar a ba shi na goro."

Ban tanka masa ba. Muka ci gaba har muka iso wurin da nake jira. Saurayin labarin, Larry Talbot, ya gaya wa mahaifinsa cewa shi ne yake rikiɗa kerkeci da dare yana kashe mutanen gari. Uban, Sir John, mai dukiya ne mai ilimi, har da madubin duban taurari a saman gidansa, ba ya ɗaukar irin wannan zance. Sai ya ɗaure ɗan a kujera don ya nuna masa cewa abin duk a kansa yake, ya juya zai tafi wurin masu farautar dabbar. Ɗan ya kira shi, ya roƙe shi abu ɗaya: ya tafi da kwagirin nan mai kan azurfa. Larry ya san da wannan kwagirin ya kashe kerkecin da ya cije shi. Ya san me yake miƙa wa ubansa, uban ne bai san me ya karɓa ba. Ba a daɗe ba sai ga dattijon cikin daji yana ta maka wa wata dabba kwagiri har ta daina motsi, sannan ya tsaya yana kallo gashin yana janyewa, fuskar ɗansa tana fitowa.

Na saci kallon yaron. Gyaɗar da ya ɓare tana hannunsa, bai kai ta baki ba.

Wannan shirun nake so in kare. Na san yadda ake kallon irin finafinan nan a wajenmu, kuma ba sai na je da nisa ba. Uwar yaron da kanta, da labari ya kai mata, cewa ta yi, "Kai dai har yanzu ba ka girma ba. Mutum ya zama kare, kai kuma da gemunka ka zauna kana kallo?" Ni kuwa ra'ayina shi ne, a duk dodannin da Turawa suka cika sinima da su, babu wanda ya kai mai rikiɗa kerkeci faɗin gaskiya a kan ɗan Adam. Kuma bakinsa ba ya buɗewa sosai sai an ajiye shi inda ya dace da shi: tsohon gida mai dogon tarihi, daji a bayansa, hazo a tsakani.

Dubi sauran 'yan'uwansa. Mai shan jini basarake ne, ga dukiya ga sutura, yana jin daɗin abin da yake yi, in asuba ta yi ya koma akwatinsa ya yi barcinsa lafiya lau. Gawa mai tafiya ba ta da hankalin da za a tuhume ta. Makashin nan mai rufe fuska da wuƙa a hannu, shi ko fuskar ma babu. Mai rikiɗa kerkeci ne kaɗai gari ke waye masa. Ya farka ba takalmi, ya ga sawun dabba na laka ya shigo ta taga ya ƙare a bakin gadonsa, ya durƙusa yana gogewa kafin wani ya shigo. Can waje ana ta maganar an tsinci gawar mai haƙa kabari. Bai tuna komai ba, amma ya sani. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba, kuma uwar ɗan nan maƙwabciyarsa ce, za su gaisa a hanya. Dabbar dare ɗaya ko biyu take da shi a wata. Sauran kwanakin duk na mutumin ne, shi da abin da hannunsa ya aikata. Fim ɗin da ya gane haka, tsoronsa na gaske da rana tsaka yake.

Magabata sun raba abin biyu, suka ce tsoro na daji, kunya na gida. Wato kowanne da wurinsa: in ka fita ka ji tsoron abin da zai cinye ka, in ka shigo ka ji kunyar idon naka. Wannan dodon shi ne wanda aka ɗinke masa su biyun a fata ɗaya. Ya shiga daji da sunan gidansu, ya dawo gida da jinin daji a farce.

Shi ya sa salon da ake kira gotik ya zauna masa daram. Kalmar sunan tsarin ginin tsoffin majami'un Turai ce, masu dogayen hasumiyoyi da tagogi masu tsini. Ta shigo adabi bayan 1764, shekarar da Horace Walpole na Ingila ya buga The Castle of Otranto, labarin wata fada da aka ƙwace da zalunci, alhakin yake bin jikoki. Tun daga nan kayan aikin ba su canja sosai ba: katafaren gida da ya fi ƙarfin 'yan tsirarun da suka rage a cikinsa, ɗakuna a kulle, hotunan kakanni a bango, maƙabartar dangi, da wani laifi da aka binne da ransa. Duk wanda ya taɓa shiga tsoffin gidajen cikin birni, masu zaure bayan zaure, aka nuna masa wani ɗaki aka ce "nan ba a shiga," ya tambayi dalili kowa ya kawar da kai, ba sai an fassara masa gotik ba.

Wani abin dariya ma, Ingila da Wels, inda aka fi son ajiye labaran nan, kerkeci ya ƙare a dazuzzukansu ɗaruruwan shekaru kafin a ƙirƙiro kyamara. Dajin fim ɗin 1941 kuwa ba daji ba ne. Itatuwa ne aka kakkafa a ɗakin ɗaukar fim na kamfanin Universal a Kalifoniya, aka saki hayaƙi ya kwanta a ƙasa. Hayaƙin yana rufa wa masu fim asiri, ba a ganin katako da filasta. Amma yana yin wani aikin da ya fi wannan. A cikin hazo, mutum da dabba duk inuwa ce. Wanda ya taɓa fita sallar asuba cikin hazon Janairu, ya hango wani abu yana tahowa, bai san ko ya yi sallama ko ya nemi dutse ba, ya san abin da nake nufi.

A lura kuma, a finafinan nan sharrin ba kasafai yake farawa daga daji ba. A The Curse of the Werewolf na 1961, wanda kamfanin Hammer na Ingila ya yi da Oliver Reed yana matashi, sai ka gaji da jira kafin ka ga kerkeci. Ana farawa ne da walimar auren wani basarake a Sifaniya. Wani almajiri ya shigo neman abinci, basaraken ya mai da shi abin nishaɗi, ya sa shi rawa da kwaikwayon kare don ragowar nama, sannan ya jefa shi kurkuku ya manta da shi shekara da shekaru. Daga baya ya sa aka jefa wata bebiyar 'yar aiki cikin ɗakin saboda ta ƙi shi. Almajirin da zaman kurkuku ya haukata ya yi mata fyaɗe. Yaron da aka haifa shi ne kerkecin. La'anar nan ba daga sama ta sauko ba, daga teburin mai gida ta faɗo. A ƙarshe kuma wanda ya rene shi kamar ɗan cikinsa ne ya harbe shi da harsashin azurfa a hasumiyar majami'a. Da aka sake yin labarin Talbot a 2010, sai aka ƙara matse ƙullin: uban da kansa, wanda Anthony Hopkins ya fito a matsayinsa, shi ne tsohon kerkecin gidan, shi ya kashe matarsa da ɗansa ɗaya. Ko ta ina ka ɗaga labarin, uba da ɗa za ka tarar a ƙarƙashi.

Amma babban abin da ya sa nake ganin ƙimar finafinan nan wani ne daban, kuma sai an koma baya kaɗan ake ganinsa.

Kafin kerkeci ya zama abin sayen tikiti, tuhuma ce da ake kashe mutane a kanta. A 1589, a garin Bedburg kusa da Kolon a Jamus, an kama wani manomi mai suna Peter Stumpp. Da aka gana masa azaba, ya amsa cewa Shaiɗan ya ba shi wata ɗamara da in ya ɗaura yake zama kerkeci. Aka yi masa kisan da ba zan bayyana shi a nan ba, aka haɗa da 'yarsa da wata mata da yake tare da ita. Shekara guda bayan haka aka buga labarin a Landan ana sayarwa. A 1603 a kudancin Faransa, wani yaro makiyayi, Jean Grenier, wanda bai kai shekarun ɗan yayata ba, ya riƙa cika baki cewa yana da fatar kerkeci kuma yana cin yara. Shi ya ci sa'a, alƙalan Bordeaux suka ga yaro ne mai raunin hankali, suka tsare shi a gidan sufaye maimakon wuta. A waɗannan shari'u, wanda ake nunawa da yatsa kullum wani ne can: talaka, makiyayi, mai zama shi kaɗai a bakin daji, wanda ba shi da mai tsaya masa. Kuma ana cewa shi ya zaɓa, shi ya ƙulla da Shaiɗan, don haka ba a bin sa bashin tausayi.

Ko dabbar ta gaske ma ba ta tsira daga ƙarin gishiri ba. Daga 1764 zuwa 1767 wata dabba ta addabi yankin Gévaudan na Faransa, ta kashe mutum wajen ɗari, yawanci mata da yara masu kiwo. Sarki Louis na 15 ya tura mafarautansa, aka kashe wani ƙaton kerkeci a 1765 aka yi ta murna, kisa kuma ya ci gaba, har sai da wani mutumin yankin, Jean Chastel, ya harbe wata dabbar a watan Yunin 1767. Zancen cewa da harsashin azurfa ya yi harbin, marubuta ne suka ƙara shi daga baya.

Mu kuwa da muka taso da Suratu Yusuf, ya kamata mu fi kowa saurin gane wannan. Kerkecin da kowane ɗan makarantar allo ya fara sani shi ne wanda bai ci kowa ba. 'Yan'uwa suka jefa ƙaninsu rijiya, suka zo wa ubansu da dare suna kuka, da riga mai jinin ƙarya, suka ce kerkeci ne. Har Larabawa suka mayar da shi karin magana, in suna so su wanke mutum tas sai su kwatanta shi da kerkecin nan da jinin ɗan Annabi Yaƙubu. Sharrin a cikin gida yake, aka ɗora wa daji.

To ga abin da sinima ta yi da wannan tsohuwar tuhuma. A tsoffin labaran Turai, mutum yakan zama kerkeci ne ta hanyar ɗamara, ko fata, ko wani mai da yake shafawa, ko la'ana. Zancen cizo, cewa abin yana kama mutum kamar ciwon haukan kare, finafinai ne suka kafa shi, daga Werewolf of London na 1935 zuwa na 1941. Wannan ɗan canjin ya juya komai. Larry Talbot bai ƙulla da kowa ba. Ihun wata yarinya ya ji ya ruga don ya cece ta, a nan aka cije shi. Alherinsa ne ya ja masa. Kuma kyamara ba ta tsaya cikin taron masu cocila da karnuka tana hango shi daga nesa ba, ta shiga ɗakinsa ta zauna da shi, tana kallo yana tuɓe safa hannu na rawa don ya duba ko gashi ya fara fitowa. Shekaru ɗari huɗu ana cewa "ga shi can, ku kama shi." Fim ya zo ya ce, "to in kai ne fa?"

Wanda ya rubuta labarin ya san abin da yake yi. Curt Siodmak Bayahude ne haifaffen Dresden, ya bar Jamus a 1933 da 'yan Nazi suka hau mulki, ya zauna Ingila, ya ƙarasa Amurka a 1937. Mutum ne da ya kwanta yana marubuci ɗan ƙasa, ya tashi an ce masa shi dabba ne. A fim ɗinsa, alamar tauraro ce take bayyana a tafin hannun wanda ajali zai faɗa wa na gaba. An saki fim ɗin a Disambar 1941, 'yan watanni bayan an tilasta wa Yahudawan Jamus liƙa tauraro a ƙirjin rigunansu. Har wasu baitoci ya ƙirƙira da mutanen ƙauyen ke ta maimaitawa, masu cewa ko mai tsarkin zuciya da ba ya fashin addu'ar dare bai tsira ba, kuma mutane da yawa suka ɗauka tsohuwar waƙar gargajiya ce. Ba ita ba ce, a teburinsa ya tsara ta.

Mu ba mu da kerkecin Turai, amma muna da kura, kuma labarin bai bar mu ba. Daga ƙasar Borno har Sudan an daɗe ana ba da labarin mutanen da ke zama kura da dare. A Habasha ana kiran abin buda, kuma waɗanda aka fi jefa wa tuhumar su ne maƙera da masu ginin tukwane da Yahudawan ƙasar, wato dai waɗanda aka riga aka ware. A tatsuniyoyinmu akwai budurwar da ta raina samarin garinsu, ta bi wani kyakkyawan baƙo, sai da suka yi nisa cikin daji ya fara mayar da kayan aron da ya yi ado da su. Kakata in ta zo nan takan rage murya, mu kuma mu matso jikinta. Wannan duk ba laifi, don in ta gama takan ce ƙurunƙus, ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Inda laifin yake shi ne ranar da labarin ya fito daga bakin kaka ya shiga bakin unguwa ba tare da ƙurunƙus ba. Har gobe ana jifan tsohuwa da sunan maita don jikan maƙwabta ya yi zazzaɓi ya ambaci sunanta. Har gobe ana taruwa a kan baƙo a tasha don wani ya yi ihu an taɓa shi an sace masa gaba. Masu cewa fim ɗin kerkeci yana koya wa yara camfi, ina ganin sun kama ɓarawon da ba shi ba. Wanda ya biya kuɗi ya zauna gaban allo ya san tatsuniya ya saya. Taron da ke ɗaukar dutse shi ne bai san tatsuniya yake ciki ba.

Akwai dai sukar da ta fi wannan nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Ana iya cewa labarin nan uzuri ne da maza suka ƙera wa kansu. Mutum ya yi ɓarna da dare, da safe ya ce ba shi ba ne, wani abu ne ya hau kansa. Mun san wannan muryar. Ita ce ta wanda aka kama aka tsayar gaban 'yan jarida yana sunkuyar da kai yana cewa "sharrin Shaiɗan ne." Ita ce ta magidancin da ya kumbura wa matarsa fuska, gari ya waye ya sayo mata tsire yana rantsuwa bai san lokacin da hannunsa ya tashi ba. In har fim yana so in tausaya wa mai kisa fiye da wadda aka kashe, to akwai matsala, kuma gaskiya wasu finafinan sun faɗa wannan rami: matan ciki ba su da aiki sai ihu da gudu da faɗuwa.

Sai dai nagarin cikinsu ba sa karɓar uzurin. An American Werewolf in London na 1981 shi ya fi burge ni a nan. Samari biyu 'yan Amurka suna yawon buɗe ido a tsaunukan Yorkshire, suka shiga wata mashaya, mutanen ciki suka yi tsit, kowa ya san abin da ke waje amma ba wanda ya hana su fita sai gargaɗin fatar baki. Aka kashe ɗaya, aka ciji ɗaya. Daga nan mamacin ya riƙa zuwar wa abokinsa, kowane zuwa ya fi na baya ruɓewa, yana gaya masa abin da zai faru. Can gaba, bayan ya yi kisan farko, sai ga dukkan waɗanda ya kashe sun zauna kewaye da shi a wani gidan sinima a tsakiyar Landan, jina-jina, suna yi masa magana. Ba ruwansu da cewa bai sani ba. Bai tuna ba, su sun tuna. Wurin yana ba da dariya, yana kuma tsaya wa mutum a maƙogwaro. Babu wanda ya kalli wannan ya fita da tunanin cewa "ba da gangan na yi ba" tana tayar da matacce.

Wani aibin da ba ni da amsarsa shi ne yadda ake yi da 'yan ƙabilar Romani, masu yawo gari-gari a keken doki. A fim ɗin 1941 su ne suka shigo da cutar garin. Gaskiya ne tsohuwarsu, Maleva, ita kaɗai ta yarda da Larry, ta kuma ji tausayinsa. Duk da haka, fim ɗin da ɗan gudun hijira ya rubuta ya sake cewa baƙi ne suka kawo annoba, alhali a daidai lokacin 'yan Nazi suna kashe Romani tare da Yahudawa. Laifi tudu ne. Ina son fim ɗin, amma wannan tabon yana nan.

Sai batun rikiɗar kanta, wadda ita ce abin da yawancin masu kallo suke zuwa gani, ni ma ban cire kaina ba. A zamanin Jack Pierce, mai kwalliyar Universal, da hannu ake yi. Ya zaunar da Lon Chaney ƙarami, wanda ya fito a matsayin Larry, awanni, yana liƙa masa gashin yak, wata saniyar tsaunukan Asiya, yana babbaka shi da ƙarfe mai zafi ya kwanta. In za a nuna sauyawa, ɗan wasa ya daskare wuri guda, a ɗauka kaɗan, a ƙara gashi ko a rage, a sake ɗauka. Shekaru arba'in bayan haka, a An American Werewolf in London, mai kwalliya Rick Baker ya yi abin da har yau ba a wuce shi ba. Ba hazo, ba duhu, a falo mai fitila tarwai. Saurayin yana zaune yana karatu, sai ya kurma ihu ya yage rigarsa, ya ɗaga hannunsa yana kallo tafin yana miƙewa, ƙashi yana ƙara, gadon baya yana tasowa, baki yana turowa gaba. Roba ce da ƙarafa a ciki. Gashin da ake gani yana tsirowa, janye shi aka yi ta cikin robar, aka juya hoton baya. A wannan shekarar aka buɗe rukunin kwalliya na dindindin a kyautar Oscar, kuma Baker ne ya fara ɗauka.

Ni a ganina abin da ya sa wannan ya yi aiki shi ne zafi. Ka ga jiki yana cin amanar mai shi, kuma yana jin ciwo. Duk wanda ya taɓa balaga, ko ya yi jinya, ko ya ga tsufa yana shigo masa ta gwiwa, ya san jiki ba ya neman izini. Wani fim ɗin Kanada na 2000, Ginger Snaps, ya ɗauki wannan ya ɗora a kan yarinya da ta fara al'ada, ya dace har ka yi mamakin yadda aka daɗe ba a yi ba. Da kwamfuta ta karɓi aikin kuwa, sai rikiɗa ta zama kamar canja riga: mutum ya yi tsalle, kafin ya dira ya zama ƙaton kare mai sheƙi. Daga nan sai aka mai da la'ana baiwa. Aka samu kerketai masu ƙirar 'yan dambe, ƙungiya-ƙungiya, suna soyayya suna yaƙi da masu shan jini, ba mai farkawa da nadama. Waɗannan ba ruwana da su. Kerkecin da ke alfahari da kansa soja ne kawai da gashi. Fim ɗin 2010 ya tsaya tsaka-tsaki, ga gida ga hazo ga kwalliyar da ta sake ba Baker kyautar Oscar, amma aka cika shi da gudu da hayaniyar kwamfuta, kuma bai mayar da kuɗin da aka kashe masa a sinima ba. Robert Eggers, wanda ya yi Nosferatu a 2024, ya sanar da nasa fim ɗin kerkeci da zai ajiye a Ingila ta ƙarni na 13, lokacin da dabbar ke nan da ranta a dazuzzukan ƙasar. Ina jira in ga ko zai bar mutumin ya farka da safe.

Daren nan dai, fim ɗin minti saba'in ne kacal, ya ƙare caji bai ƙare ba. Na rufe kwamfutar, ɗakin ya yi duhu. Yaron ya daɗe bai ce komai ba, har na ɗauka barci ne ya kwashe shi.

"Kawu."

"Na'am."

"Da baban ya san shi ne, zai buga?"

Na ce masa ai ɗan ya gaya masa, tun a ɗaki, da bakinsa. Ya yi shiru, sannan ya ce ba wannan ya tambaya ba. Na ji motsinsa yana lalubar takalmi zai zaga bayan gida. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya dawo ya ɗauki wayata ya kunna fitilarta.